Kambun Damben Duniya da Dillalansa

Wanda ya saba kallon dambenmu na gargajiya, in aka ce masa ga wane shi ne zakaran damben duniya, abin da zai fara zato shi ne lalle mutumin nan ya gwabza da duk wani mai ji da kansa a zamaninsa, ya kayar da shi. Don a fagenmu haka abin ya ke. In kaka ta yi, kalangu ya ɗauka, ɗan dambe ya naɗe hannunsa da kara, sai ya taka har gaban wanda ya ke nema ya miƙa masa hannu, jama'a suna gani. In wancan ya tashi, to. In kuwa ya noƙe, kowa ya shaida, gobe labari ya kai kasuwa. Damben Turawa da a ke kira boksin, musamman irin wanda a ke yi don kuɗi, hanyarsa dabam ce. A can mutum biyu ba su haɗuwa sai an zauna an yi ciniki, an rubuta takarda, an sa hannu. In cinikin bai faɗa ba, sai jarumi ya tsufa yana jira a bakin fage.

Kafin mu shiga labari ya kamata mai karatu ya san mutanen da ke tsaye bayan fagen, don su ne masu magana. Akwai ubangidan ɗan dambe, wanda su ke kira manaja. Shi ke nema masa abokin karo, shi ke yanka masa lada, kuma bisa al'ada ya kan ɗauki har sulusin abin da yaronsa ya samu. Akwai kuma mai shirya wasa, wanda zan riƙa kira dillali a nan, ko da ya ke aikinsa ya fi na dillalin kasuwa faɗi. Shi ke hayar fili, ya buga tikiti, ya ba 'yan jarida labari, ya yi wa 'yan dambe alkawarin kuɗi tun ba a sayar da tikiti ko ɗaya ba. In fili ya cika ya ci riba, in jama'a suka ƙi fitowa shi ne da asara. Saboda haka ba abin da ya ke tsoro kamar yaron da ke jawo masa jama'a ya sha kashi. Ɗan damben da ba a taɓa kayarwa ba kamar ingarma ne marar tabo: ran da ya yi ɗingishi, ran nan kuɗinsa ya faɗi. Kambu kuwa, watau sarautar damben duniya, shi ne babban jari. Muddin yana hannunka kai ke yanka farashi, kai ke zaɓen wanda zai hau, kai ke sa rana. To, wane ɗan kasuwa ne zai ɗauki jarinsa duka ya kai inda ya ke zaton ba zai dawo ba?

Bari mu fara da kambun ajin masu nauyi, wanda ya fi kowane daraja. Cikin 1906 yana hannun wani mutumin Kanada, Tommy Burns. Kowa ya san akwai wani baƙar fata na Amurka, Jack Johnson, wanda ya fi shi, amma a zamanin nan zakarun farar fata ba su yarda su sa kambu a gaban baƙi. Johnson ya yi ta bin Burns gari gari, har Landan, yana ƙalubalantarsa a jaridu. Burns ya ce zai hau in an ba shi dala 30,000, kuɗin da ya ke zaton ba wanda zai iya biya. Ashe akwai wani dillali a Ostireliya, Hugh McIntosh, wanda ya yi lissafi ya ga jama'a za su cika fili don su ga fari da baƙi, sai ya ajiye kuɗin. Aka yi wasa a Sidni ran 26 ga Disamba 1908. Johnson, wanda ladansa bai kai rubu'in na Burns ba, ya yi ta dukansa har 'yan sanda suka tsai da wasan a turmi na 14. Ka ga abin da kunya ba ta buɗe ba, kuɗi sun buɗe.

Daga nan sai Turawan Amurka suka shiga neman wanda zai karɓo kambu. Aka fito da tsohon zakara, Jim Jeffries, wanda ya yi shekaru da barin dambe, wani dillali mai suna Tex Rickard ya shirya karon a garin Reno ran 4 ga Yuli 1910. Johnson ya gama da shi a turmi na 15. A daren nan tarzoma ta tashi a garuruwa da yawa, aka kashe mutum wajen 20, galibinsu baƙaƙe. Mai karatu ya riƙe sunan Rickard da wannan dare, don za mu sake gamuwa da su.

Abin mamaki shi ne yadda Johnson ya yi da ya shiga ciki. A lokacin akwai baƙaƙen jarumai da su ka fi duk fararen da a ke kawo masa, babbansu Sam Langford, wani gajere mai faɗin ƙirji wanda Johnson ya taɓa cinyewa da maki cikin 1906, tun Langford bai yi nauyi ba. Da Johnson ya sami kambu bai sake yarda ya haɗu da shi ba. Dalilinsa a fili ya ke: Turawa ba za su biya kuɗi mai yawa don su ga baƙi biyu suna dambe ba, ga shi kuma Langford yana da haɗari. Lada kaɗan, haɗari babba. Sai Langford da 'yan'uwansa su ka koma dukan juna, shi da wani mai suna Harry Wills sun kara fiye da sau 15. Langford bai taɓa samun hawa don kambun duniya na ajin masu nauyi ba. Ya ƙare makaho, matalauci, a wani ɗaki a Harlem, unguwar baƙaƙe ta birnin Niyok, inda wani ɗan jarida ya binciko shi cikin 1944.

Johnson ya rasa kambu cikin 1915 a Habana ta ƙasar Kyuba, a hannun Jess Willard, shi kuma Jack Dempsey ya ƙwace daga gare shi cikin 1919. Zamanin Dempsey da Rickard ne dambe ya zama babban ciniki. Rickard ya gane wani abu da ya zama karatun dillalai har yau, watau labari ya fi ƙarfi sayar da tikiti. Cikin 1921 ya kawo wani Bafaranshe, Georges Carpentier, kyakkyawan saurayi wanda ya yi jarunta a Yaƙin Duniya na Farko, ya haɗa shi da Dempsey, wanda a ke zargi da gudun aikin soja. Carpentier ɗan ajin ƙasa ne, bai kai nauyin Dempsey ba, masana kuma sun san ba zai kai labari ba. Amma mutum wajen 80,000 su ka hallara, kuɗin ƙofa ya kai dala 1,789,238, karo na farko ke nan da a ka haye miliyan. Wasan ya ƙare a turmi na 4.

Duk wannan lokaci Harry Wills yana tsaye a bakin ƙofa. Jaridu sun yarda shi ne ya fi cancanta. Hukumar dambe ta Jihar Niyok ta yarda. Cikin 1924 ya rinjayi Luis Firpo, mutumin Ajantina wanda ya taɓa jefa Dempsey waje da igiyar fage. Amma Rickard bai so ba. Ya ce shi ya ga abin da ya biyo bayan Reno, ba zai sake ba. Mai yiwuwa da gaskiyarsa a nan, amma kada mu manta Dempsey shi ne saniyar tatsarsa, Wills kuwa yana iya yanka ta. Daga Satumba 1923 har Satumba 1926, shekara uku cur, Dempsey bai sa kambu a gaban kowa ba, yana wasan silima yana tara kuɗi. An taɓa sa hannu a takarda cikin 1925 da wani ƙaramin dillali, har a ka ba Wills kafin alƙalami na dala 50,000, amma kuɗin Dempsey ba su fito ba, maganar ta wargaje. Da hukumar Niyok ta ce ba za ta ba Dempsey izinin dambe ba sai da Wills, sai Rickard ya kwashe wasansa ya kai Filadalfiya, wata jiha dabam inda hukuncin bai kai ba, ya haɗa shi da Gene Tunney a gaban mutum fiye da 120,000. Tunney ya cinye. Bayan 'yan makonni Wills, yana da shekara 37, ya sha kashi a hannun Jack Sharkey, shi ke nan maganarsa ta mutu. Ko Wills zai iya kayar da Dempsey? Masana suna gardama har yanzu, kuma gardamar ba ta da ranar ƙarewa, don waɗanda ke da ikon a gwada sun hana. Shi dai ya yi hankali, ya sayi gidajen haya a Harlem, bai mutu cikin talauci irin na Langford ba.

Wannan hanya ɗaya ke nan, hana mai ƙarfi shiga. Ɗayar ita ce a gina marar ƙarfi. Ba a yi misalin da ya fi na Primo Carnera ba, wani ƙaton Ba'italiye mai tsawon kusan ƙafa 6 da rabi, nauyinsa ya fi laba 250. Cikin 1930 a ka yi ta yawo da shi a Amurka a na kawo masa mutanen da ke faɗuwa da wuri, waɗansu ma tun ba a taɓa su sosai ba, don an riga an shirya da su. Har ya ci kambu cikin 1933. Shekara ta kewayo Max Baer ya yi ta maka shi da ƙasa har alƙalin wasa ya ji tausayinsa. Kuɗin da ya tara kuwa iyayen gidansa, waɗanda cikinsu akwai 'yan ta'adda na Niyok, sun cinye, ya koma kokawa don ya ci abinci.

Yanzu mun zo kan labarin da ya fi nuna yadda cinikin ke tafiya, watau na Joe Louis. An haife shi a Alabama cikin 1914, ya girma a Detroit, ya fara damben kuɗi cikin 1934. Iyayen gidansa biyu, John Roxborough da Julian Black, baƙaƙe ne, sun san abin da ya sami Wills. Sai su ka kafa masa dokoki don kada Turawa su tuna da Johnson: kada ya yi dariya a kan wanda ya kayar, kada a ɗauki hotonsa da farar mace, ya kame bakinsa. Su ka riƙa zaɓa masa abokan karo daki daki, kowane ya ɗara na baya kaɗan. A nan dole in ce taka-tsantsan ba laifi ba ne a kan kansa. Ko a fagenmu manya su kan hana yaro ya tari wanda ya fi ƙarfinsa, don kada a karya masa zuciya tun bai ƙosa ba. Laifin yana farawa ne sa'ad da yaro ya zama zakara a ke ci gaba da ɓoye shi.

Amma ƙwarewa kaɗai ba ta isa ta kai Louis ga kambu ba. Babban zauren dambe na Niyok, Madison Square Garden, shi ke riƙe da takardun zakarun ajin masu nauyi, masu shi kuwa ba su da sha'awar baƙi. Sa'ar Louis ita ce akwai wanda ke neman sandar da zai doke su da ita. Mike Jacobs tsohon ɗan cuwa-cuwar tikiti ne, wanda ya koyi sana'a a gindin Rickard, ya kafa nasa kamfani tare da waɗansu manyan 'yan jarida da su ka ɓoye hannunsu a ciki. Ka ga dabara, masu rubuta labarin wasa su ne masu cin ribarsa. Jacobs ba shi da zakara, sai ya ɗauki Louis cikin 1935, ya haɗa shi da tsofaffin zakaru masu suna waɗanda ƙarfinsu ya ja baya. Ya gama da Carnera a turmi na 6, da Baer a turmi na 4.

Na ukunsu shi ne Bajamushe Max Schmeling, wanda ya kai shekara 30, kowa yana cewa ya ƙare. Don haka ma a ka zaɓe shi. Amma Schmeling ya zauna ya kalli hotunan silima na wasannin Louis, ya lura ya kan sauke hannun hagu bayan ya kai naushi. Ran 19 ga Yuni 1936 ya yi ta shigar da dama ta wannan kafa har ya kwantar da Louis a turmi na 12. Lissafin dillali ya kan ɓaci, don wanda a ka saya ya zo ya faɗi wani lokaci ba ya jin magana.

Bisa gaskiya yanzu Schmeling ne ya cancanci hawa da zakara, James Braddock, har an sa hannu, an sa rana, 3 ga Yuni 1937. To, ga inda ciniki ya shigo. Jamus tana hannun Hitila, a Niyok kuma a na shirin ƙaurace wa wasan, abin da zai rage kuɗin ƙofa. Kowa kuma yana tsoron in Schmeling ya ci, kambu ya tafi Jamus ba dawowa. Ubangidan Braddock, Joe Gould, ya san yaronsa ya yi shekara biyu bai hau ba, hannuwansa kuma sun lalace, duk wanda ya tara cikin biyun zai kayar da shi. Kambu sau ɗaya zai sayu, sai a sayar wa wanda ya fi tayi. Jacobs ya yi tayin da ba a taɓa ji ba: ban da ladan ranar, wanda ya tashi wajen dala 300,000, Braddock zai riƙa karɓar ushirin ribar da Jacobs ya ci a duk wasan kambun masu nauyi har shekara 10. Watau mutum ya sauka daga sarauta amma a ci gaba da kai masa gaisuwa. Masu Madison Square Garden su ka kai ƙara kotu, ba su yi nasara ba. Ran 3 ga Yuni Schmeling ya zo a ka auna nauyinsa yadda doka ta ce, ya jira abokin karon da kowa ya san ba zai zo ba. Ran 22 ga watan Louis ya kayar da Braddock a Shikago a turmi na 8.

Mai karatu ya duba wannan da kyau. Ƙofar da a ka rufe wa baƙaƙe shekara 22 ta buɗe, kuma wanda ya shiga ya cancanta ƙwarai. Amma da zalunci a ka buɗe ta, an danne haƙƙin wanda ya ci wasa a fili. Louis kansa bai ji daɗin haka ba, ya ce ba zai ɗauki kansa zakara ba sai ya rama. Jacobs ya bari sai da maganar ta nuna shekara guda, gaba tsakanin Amurka da Jamus ta yi zafi, sa'an nan ya haɗa su ran 22 ga Yuni 1938 a gaban mutum wajen 70,000. Minti 2 da daƙiƙa 4 Louis ya gama.

Louis ya riƙe kambu har 1949, ya kare shi sau 25, ba a kuwa ce ya guji kowa ba. Duk da haka, cikin duk waɗanda su ka hau da shi baƙaƙe biyu ne kawai, John Henry Lewis da Jersey Joe Walcott, don lissafin zamanin Johnson bai sake ba. Daga Disamba 1940 zuwa Mayu 1941 kowane wata a na kawo masa mutum guda, har 'yan jarida su ka riƙa yi wa abin ba'a. Shi kuwa, bayan duk miliyoyin da ya jawo, ya ƙare da bashin haraji fiye da dala miliyan guda, wanda ya tilasta masa komowa fage ya sha duka a hannun Rocky Marciano cikin 1951.

Da Jacobs ya tsufa sai wani kamfani mai suna International Boxing Club, na attajiri James Norris, ya gaje shi cikin 1949. Dabararsa ita ce duk mai neman kambu sai ya sa hannu cewa in ya ci ba zai yi wa kowa wasa ba sai su. Cikin shekara huɗu, daga wasannin kambu 44 da a ka yi a Amurka, 36 nasu ne. Bayan labule kuma akwai wani ɗan ta'adda, Frankie Carbo, wanda ke faɗin wa zai hau. Jake LaMotta ya shaida wa kwamitin majalisar dattawan Amurka cikin 1960 cewa da gangan ya bari a ka cinye shi cikin 1947, don a ba shi damar neman kambu. Kotun Ƙoli ta tabbatar da rushe kamfanin cikin 1959, Carbo kuma a ka yanke masa shekara 25 cikin 1961. Babban mai gaba da su shi ne Cus D'Amato, ubangidan zakara Floyd Patterson, amma shi ma gabar ta zame masa mafaka: duk wani mai haɗari sai ya ce yaron su Norris ne. Cikin 1957 har ya haɗa Patterson da Pete Rademacher, mutumin da bai taɓa damben kuɗi ko sau ɗaya ba. Da kunya ta ishi Patterson ya ƙi jin maganar ubangidansa ya tari Sonny Liston cikin 1962, bai kai ƙarshen turmin farko ba.

Halin nan bai mutu da mutanen nan ba, sai ma ya sami sabuwar riga. Ƙungiyoyin da ke ba da kambu sun zama huɗu, kowace da nata zakara, kowace tana karɓar kuɗin tabbatarwa, saboda haka mutum ya kan zama zakaran duniya bai gamu da sauran ukun ba. Daga Lennox Lewis cikin 1999, ajin masu nauyi bai sake samun zakara guda da kowa ya yarda da shi ba sai 2024, da kuɗin Saudiyya su ka haɗa Oleksandr Usyk da Tyson Fury a Riyad. Floyd Mayweather da Manny Pacquiao kuwa an fara cinikinsu cikin 2009, ba su hau ba sai 2015, ɗaya yana da shekara 38 ɗaya 36. Wasan bai yi armashi ba, amma gidaje miliyan 4.6 sun saye shi a talabijin. Jinkirin da ya ɓata wasan shi ne ya ninka kuɗin.

Amma bari mu koma baya mu ga yadda wani ɗan ƙasarmu ya ratsa wannan kasuwa, don ya ɗanɗana ta ta kowace fuska. Richard Ihetu, wanda duniya ta sani da Dick Tiger, an haife shi a Amaigbo ta ƙasar Ibo cikin 1929. Ya bi sawun Hogan Bassey na Kalaba zuwa Libaful ta Ingila cikin 1955, ya rasa wasanninsa huɗu na farko a can. Wannan ya sa dillalai su ka sa shi cikin jerin waɗanda a ke haya don yaran gida su koyi hannu. Cikin Mayu 1957 a ka kira shi Landan don wani saurayi da a ke reno, Terry Downes, wanda bai wuce wasa biyu ba. Tiger ya farfasa masa fuska har a ka tsai da wasa. Daga ran nan ya fita daga jerin masu faɗuwa ya shiga jerin waɗanda a ke gudu, ko da ya ke ya ci kambun ƙasashen Ingila na ajin matsakaita cikin 1958. Ya ƙaura Amurka cikin 1959, ya yi ta tarar mutanen da wasu ba su so. Downes da ya doka ya riga shi cin kambun duniya, cikin 1961. Shi Tiger sai da ya kai shekara 33 kana Gene Fullmer ya ba shi dama, ya cinye shi a Sanfaransisko ran 23 ga Oktoba 1962.

Karonsu na uku ne a ka kawo Badun, filin Liberty, ran 10 ga Agusta 1963, karo na farko da a ka yi damben kambun duniya a Nijeriya. Bai kuwa zo don ƙauna ba. Sai da gwamnatocin ƙasar su ka tsaya wa kuɗin, kana dillalin Landan, Jack Solomons, ya shirya. Fullmer bai fito turmi na 8 ba.

Wata huɗu bayan haka Tiger ya ba Joey Giardello dama, wani tsohon hannu mai shekara 33 wanda shi ma an daɗe a na ja masa rai. Giardello ya yi ta kaucewa yana tsinta, ya ci da maki. An yi alkawarin za a sake ba da jimawa ba. Amma da kambu ya shiga hannu sai Giardello ya tuna shi ma yana da iyali. Cikin kusan shekara biyu sau ɗaya ya kare shi, da Rubin Carter. Tiger ya yi ta bin sa kamar yadda Johnson ya bi Burns, har ya kama Carter ɗin ya lakaɗa masa duka cikin Mayu 1965, ya zama ba sauran uzuri. Ran 21 ga Oktoba 1965 ya karɓe abinsa, yana da shekara 36.

Bayan ya rasa shi ga Emile Griffith cikin 1966, sai ya hau ajin da ke sama, ya ci kambu a hannun Jose Torres a ƙarshen shekarar. A wannan aji akwai wani dogo mai mugun hannun hagu, Bob Foster, wanda kowa ke kauce wa. Yanzu Tiger ne a ciki, Foster a bakin ƙofa. Yaƙin basasa ya ɓarke a gida, dukiyar da ya tara ta shiga haɗari, shekarunsa sun doshi 39. Bai ƙi hawa ba, amma ya yanka farashi: sai an tabbatar masa da dala 100,000. Masu goyon Foster su ka nemo kuɗin, shi Foster bai tashi da abin kirki a daren ba. Ran 24 ga Mayu 1968, a Madison Square Garden, hagun nan ya sami Tiger a turmi na 4, ya kasa tashi kafin a gama ƙirga.

Ya ɗan ci gaba da dambe har 1970, sa'an nan ya kama aikin gadi a wani gidan kayan tarihi a Niyok. Can ciwon hanta ya kama shi, ya roƙi a bar shi ya komo gida. Ya rasu a Aba ran 14 ga Disamba 1971, yana da shekara 42.